Wa Zai Ja Taru?

Daga Wara zuwa Yelwa, duk garin da ke bakin Tafkin Kainji mun san irin yaron nan. Shi ne mai kwance tsohuwar rediyo, mai tsintar matattun batura, wanda in injin kwale-kwale ya tsaya sai a gan shi tsugune kusa da makanike ba tare da an kira shi ba. Yana sakandare, kimiyya yake so ya karanta. Babansa ya ce ya ajiye littafi ya zo a ja taru.

Mu da muka yi boko ba ma ɓata lokaci wajen yanke hukunci: uban ne bai waye ba. Hukuncin yana mana daɗi, domin ba ya cin mu ko sisi.

Amma uban nan yana da nasa lissafin. Iyayensa na cikin dubban mutanen da aka tasa daga gungu da gonakinsu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Ruwan da ya cinye tsohon garinsu yana ba birane masu nisa lantarki, shi kuwa da tocila yake gyaran koma. Injiniyoyi ne suka yi wannan aikin, bai manta ba. Kuma a ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, nan cikin ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashe ɗalibai. Wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Wanda ya ga haka ya ce ɗansa ba zai kwana a makaranta ba, da wane baki za mu kira shi jahili?

Duk da haka ba mu yarda a ce yaron ya haƙura ba. An hore mu da biyayya ga iyaye, gaskiya ne, sai dai mun daɗe muna cakuɗa biyayya da binne baiwa. Ɗa na iya durƙusawa ya gaida babansa da asuba, ya bi shi ruwa, da dare kuma ya koma kan wayoyinsa. Wannan ba saɓo ba ne. Abin da zai zama laifi shi ne ya fara jin kunyar ƙarnin kifin da ya ciyar da shi, kuma mun ga da yawa a cikinmu da suka yi hakan.

Ana yawan kawo labarin William Kamkwamba na Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida, ya harhaɗa injin iska da tarkace yana ɗan shekara 14, mutanen ƙauyensu na ce masa mahaukaci. Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne akwai ɗan ɗakin karatu a kusa da su inda ya ari littafin da ya buɗe masa ido, kuma tsohon keken babansa ne ya zama zuciyar injin. Ba shi kaɗai ya yi ba.

Namu yaron fa? A New Bussa, gefen wannan tafkin dai, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, inda ake nazarin ƙarfasa da tarwaɗar da babansa ke kamawa. Bai taɓa taka ƙofarta ba, mu kuma da muka san hanya ba mu taɓa cewa ya zo mu kai shi ba. Ko zama da uban a kan tabarma, mu ji tsoronsa har ƙarshe kafin mu fara yi masa wa'azin ilimi, ba mu yi ba.