Haƙƙin Ɗalibi A Kan Makarantarsa Bayan Ya Ɗauki Makami

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan ɗalibi ya gama karatu ya shiga soja, aka tura shi fagen fama, shin akwai sauran nauyinsa a wuyan makarantar da ta yaye shi?

Waɗansu suna ganin babu, domin wai malami ya sauke nauyi ran da ya ba da takardar shaida, daga nan yaro ya koma hannun kwamandansa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, tun da malami ba shi da hurumin tsoma baki cikin dabarun yaƙi. Amma fa sanin jinin da ya haramta a zubar karatu ne da ake farawa tun a gaban allo, kuma shi ne yake saurin kuɓucewa a ranar da mutum ya binne abokinsa, zuciya tana tafasa. A wannan rana ce ya fi bukatar mai tuna masa.

Magabatanmu sun gane haka. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, jama'a ta zauna a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara a 1805, almajirai kuwa irin su Yakubun Bauci suka bazu da tutoci. Shehu bai ce sun yi nisa ya ƙyale su ba. Ya aiki ɗansa Muhammadu Bello zuwa Birnin Gada, inda ya sadu da shugabannin jama'a na gabas, ya isar musu da saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu a kan bin Alƙur'ani da Sunna. A 1806, ana tsakiyar yaƙi, Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya ƙunshi hukunce-hukuncen yaƙi da ganima. Shi ma Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina littafin Usulus Siyasa. Watau alƙalami ya riƙa bin takobi yana tsawata masa.

A yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, Yakubu Gowon da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammad duk tsofaffin ɗaliban kwalejin da ake kira Barewa ne a yau. Gowon ya fitar da ƙa'idojin da suka hana soja taɓa farar hula, amma duk da haka an kashe ɗaruruwan mutanen gari a Asaba cikin Oktoban 1967. Wannan ya nuna cewa doka a takarda ba ta wadatarwa, sai an sami zuciyar da take jin kunyar Allah da kunyar wanda ya karantar da ita.

To, yau abin ya iso ƙofar gidanmu. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta kisan gillar Janairun 2022 ba, na Gummi ma sun ɗanɗana tasu. Yaran da muka koya wa Ahalari da Iziyya, wasu suna soja a Borno, wasu suna cikin Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a 2024, suna fuskantar waɗanda suka ƙone ƙauyukansu. Wane ne zai tuna musu aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci? Wane ne zai gaya musu cewa kare rai da dukiya ibada ne, amma kashe Bafulatani ko Bahaushe don ƙabilarsa kawai zalunci ne da za a tsaya a kansa gobe ƙiyama? Malamin da ya sa yaro gaba tun yana ƙarami, shi ne zai faɗa a saurara.

Saboda haka ina ba makarantunmu, na boko da na Islamiyya, shawara su buɗe rajistar tsofaffin ɗalibansu masu ɗamara, a ɗora wa kowane malami kaɗan daga cikinsu ya riƙa kiransu a waya. A amsa musu tambayoyin taimama da ƙasaru da sallar tsoro. A leƙa iyayensu da matansu, wanda ya rasu a tsaya wa marayunsa, wanda ya dawo ba ya iya barci a zauna da shi, a haɗa shi da likita. Sai dai kada a tambaye su inda suke ko inda za su, domin sirrin daga amana ne, kuma zance yana yawo.

Aya ta 122 ta Suratut Tauba ta nuna cewa ba duka muminai za su fita ba, sai wasu su tsaya neman sanin addini don su gargaɗi mutanensu. Mu da muka zauna, wannan gargaɗin shi ne rabonmu na aikin. Allah Ya tsare 'ya'yanmu, Ya tsare hannayensu daga jinin haram, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.