Ƙananan Watannin Zuhalu da Hujjar Tsari

Masu wa'azi sun saba kafa hujja da daidaituwar tafiyar rana da wata wajen tabbatar da samuwar Mahalicci, sai dai abin da aka gano a kewayen Mushtari da Zuhalu, wato manyan duniyoyin da akasarin jikinsu iskar gas ce, ya wajabta a tantance irin tsarin da ake nufi. A watan Maris na 2025 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta amince da ƙarin watanni 128 na Zuhalu, jimillarsu ta kai 274, kuma yawancinsu ƙananan curi ne na dutse da ƙanƙara, faɗinsu kilomita kaɗan, masu bin karkatattun hanyoyi, da yawa ma suna tafiya saɓanin yadda Zuhalu ke juyawa. Masana na ganin ɓaraguzan wasu manyan jikuna ne da ƙarfin jan Zuhalu ya kama, daga baya suka yi karo suka farfashe.

Wanda ya ɗora imaninsa a kan cewa duk abin da ke sama kewayayye ne sumul, zai ga wannan tamkar juji. Hyperion, watan Zuhalu da aka gano a 1848, ya fi kowa dagula masa lissafi, domin yana ta hantsilawa ba a kan ginshiƙi guda ba, har ba a iya hasashen fuskar da zai juyo bayan 'yan watanni. Amma ƙa'idar jan nauyi da ke hantsila shi ita ce dai ke bai wa watan Daphnis, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 8 ba kuma kumbon Cassini ya gano shi a 2005, damar tsare wani giɓi mai faɗin kilomita 42 a cikin zoben Zuhalu, yana tayar da igiyoyi kamar na ruwa a gefen giɓin duk inda ya gifta. Abin da ya gaza a sha'anin Hyperion lissafin ɗan Adam ne, wanda ƙaramin kuskuren awo ke ruɓanya wa, ƙa'idar kuwa tana nan daram.

Malaman tauhidi sun riga masu wa'azi gane wannan. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490 kuma ake karanta Ummul Barahin ɗinsa a zaurukan Kano da Sakkwato, ya bayyana hukuncin al'ada a cikin littafinsa Muƙaddimat da cewa alaƙa ce da maimaituwa ke tabbatarwa tsakanin abu biyu, alhali saɓawarta mai yiwuwa ce kuma babu wanda ke tasiri a kan ɗan'uwansa da karan kansa. A wannan mahangar kyan siffa ba sharaɗi ba ne, dawwamar alaƙar ita ce abin tambaya, domin hankali zai iya ƙaddara duniyar da ba haka take ba. Saboda haka hujjar da ta jingina da kyan da'ira ta raunana tun 1609, lokacin da masanin taurari Kepler ya nuna hanyar duniyar Mirriku ba da'ira ba ce, wadda ta jingina da dawwamar ƙa'ida kuwa watanni 274 ba su rage mata komai ba.