Ma'u da Masu Sunanta

In ka tsaya bakin makarantar allo a Dandin Mahe da yamma, ka ɗaga murya ka ce "Ma'u!", da wuya a ce yarinya ɗaya ce za ta waiwayo. Sunan Asma'u ya cika ƙasar Sakkwato kamar gero a rumbu. Amma tambayi uban da ya yanka ragon suna me ya sa ya zaɓe shi, sai ya ce maka sunan gwaggonsa ne, shi ke nan. Wata ma an sakaya nata da Ummi saboda kunyar mai suna, ba ta jin sa sai ranar ɗaurin aure.

Malaman lugga wasu na danganta sunan da ɗaukaka, wasu da kyan fuska. Nauyinsa dai ya samo shi ne daga waɗanda suka amsa shi. Ta farko ita ce 'yar Sayyidina Abubakar, yayar Nana A'isha. Lokacin hijira, da aka rasa abin ɗaure guzurin Manzon Allah (SAW) da mahaifinta, sai ta kwance ɗamararta ta tsaga biyu, ta ɗaure jakar abinci da salkar ruwa.

Ta biyu kuwa ta gida ce. An haife ta a Degel a 1793, tagwaye ita da Hassan. A al'ada sunan 'yan biyu za a ba ta, amma mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya tsallake al'adar ya raɗa mata Asma'u. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru: takan zaɓi dattijuwa daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, ta riƙa jagorantar mata su zo ɗaukar karatu, su koma su koya wa na karkara. Ta rasu a 1864.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin Ma'un yau da farantin talla a ka, tana bin motoci bakin titi da hantsi, sa'o'inta na aji. Malam, tunda ka ara mata sunan 'yar Shehu, ka sauke mata farantin nan, ka kama hannunta ka kai ta makaranta.