Zanen Gida da Zanen Makaranta: Wanne Ne Ilimi?

Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982 aka ba zane da aikin hannu gurbi a ƙananan makarantun sakandare, amma har yau iyaye da dama a ƙasar Makoɗa na ganin darasin ɓata lokaci ne. Wasu su ce wasa ne, wasu kuma su ce zana mai rai haramun ne. Maganar mai rai ta malamai ce, su suka san inda saɓani yake, kuma ba sai an shiga wannan ba kafin a koyar da zane. Ni abin da ya dame ni daban ne: me muke gaya wa yaro game da gidansu a wannan darasi?

Yaron da ya shigo aji ɗaya bai zo hannu rabbana ba. Ya ga kakarsa tana saƙa faifai da kaba mai launi, ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Ya ga zanen ƙwarya, ya ga lallen amare, ya ga allon zayyanar da aka yi wa yayansa ranar sauka. Shi kansa, da kaka in an yanke dawa, yakan ƙera mota da sillen kara har da tayoyi masu juyawa. To amma ya zo aji, sai malam ya zana tuffa da kofin shayi a allo ya ce a kwafa. Wanda ya kwafa daidai ya ci maki tara, mai motar kara kuwa a ce masa ya bar shiririta. Jama'a, ina adalci a nan? Ba da baki muka faɗa ba, amma yaron ya ji: abin da ke gidanku ba ilimi ba ne.

Za a ce ai kwaikwayo shi ne mafarin koyo. Gaskiya ne, ko ɗinkin hula da kwaikwayo ake farawa. Sai dai mai koyon ɗinki yana kwaikwayon abin da ya sani ne, yana ganin inda ya kuskure. Wanda bai taɓa riƙe tuffa ba kuwa layukan malam kawai yake bi, idonsa bai yi aikin komai ba. Alhali zane lura yake koyarwa kafin ya koyar da hannu. Aje masa kan gero a tebur, ka ga yadda zai daɗe yana dubawa kafin ya sa fensir. Mu masu son rubutu ya kamata mu fi kowa gane wannan, don marubucin da bai iya kallo ba, duk budurwar littafinsa fara ce doguwa mai dara-daran idanu.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don su haɗa dabarun Turawa da zanen gargajiyar ƙasashensu. Ladi Kwali ma a gida ta koyi ginin tukwane kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Jami'ar ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar naira 20.

Kukan rashin kayan aiki ma bai cika karɓuwa ba. Akwai gawayi da ƙaro na tawada, akwai jar ƙasa da farar ƙasa, akwai yumɓu a bakin kududdufi. Abin da ya fi wuya shi ne malami mai takardar shaida ya yarda ya gayyato tsohuwa mai saƙar faifai cikin aji, ya ba ta kujerarsa, shi kuma ya koma benci tare da yara.