Takardar da alkawarinta ya mutu

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka mai da tara tsofaffin takardun hannun jari na kamfanonin jirgin ƙasa abin sha'awarsu. Kamfanonin sun rushe, ko wasu sun haɗiye su, takardun kuma ba su ƙara kawo riba. Ana sayensu ne saboda zanen kan jirgi mai hayaƙi, da kyan bugu, da sa hannun wani hamshaƙin attajiri. To, wanda ya rataya irin wannan takarda a bangon ɗakinsa, me ya rataya?

Da farko, alkawari ya rataya. Kafin yaƙin 1914, iyalai masu yawa a Faransa sun zuba ajiyarsu cikin takardun bashin ƙasar Rasha, ciki har da na kamfanonin dogo. A 1918 sabbin mahukuntan Rasha suka soke bashin baki ɗaya. Sai a 1996 ƙasashen biyu suka shirya kan diyyar dala miliyan 400, abin da bai kai ko kusa da asarar ba, kuma ainihin masu kuɗin sun daɗe da rasuwa. Alkawari kaya ne, amma a nan wanda aka yi wa shi ne ya ɗauki nauyin.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, wato sunayen da takardar ba ta ɗauka ba. Ranar 10 ga Mayun 1869, a Promontory cikin yankin Utah, aka haɗe dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. Sunan Leland Stanford, shugaban kamfanin Central Pacific, ya shiga tarihi. Amma mafi yawan leburorin kamfanin ƴan ƙasar Sin ne, fiye da 10.000, waɗanda suka huda duwatsun Sierra Nevada cikin dusar ƙanƙara, da albashin da bai kai na Turawa ba. Da suka yi yajin aiki a 1867, aka yanke musu abinci har suka koma bakin aiki. A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce, in haka ne, ƙawata ɗaki da wannan takarda girmama zalunci ne. A ganina ba lalle ba ne. Takardar shaida ce, kuma shaidar da gara ta cinye ba ta da amfani ga kowa. Mai tarawa, ko da kwaɗayin riba ya kawo shi, ya tsare wa ɗalibi hujjar da zai taɓa da hannunsa, ya ga wanda ya zuba kuɗi, da adadin, da shekarar.

Laifi yana farawa ne in ido ya tsaya kan zane. Duk wanda ya mallaki irin wannan takarda ya gaji wani bashi tare da ita, bashin tambaya: wa ya fasa dutsen, nawa aka biya shi, ina aka binne shi? Malamin da ya ajiye ta gaban ɗalibai, ya sa su karanta sunayen da ke rubuce, sannan ya tambaye su waɗanda babu, ya fara biyan wannan bashi.