Galileo da Tambayar Masu Shakka

Duk sa'ad da mai shakka ya so ya ƙure mu a kan addini da kimiyya, sunan Galileo yake fara ambata. Ya kamata mu san labarin sosai, gama wanda bai san tushen magana ba, fushi ne kaɗai amsarsa.

Galileo masanin taurari ne, mutumin Italiya, ɗan Katolika. A shekara ta 1632 ya wallafa littafi mai goyon bayan koyarwar Kofanikus, wato duniya ce take kewaya rana. Tun 1616 Kadinal Bellarmine ya gargaɗe shi kada ya riƙe wannan ra'ayi. A 1633 kotun Ikilisiya a Roma ta sa ya janye maganarsa a durƙushe, yana da shekara 69. Aka haramta littafin, aka tsare shi a gida har ya rasu a 1642.

Masu kāre kotun sukan ce Galileo ba shi da cikakkiyar hujja. Gaskiya ne. Ya dogara ga cikowa da janyewar ruwan teku, bayaninsa kuwa bai daidaita ba. A 1838 Bessel ya yi awon tauraron da ya nuna duniya tana kewaya rana. Akwai kuma siyasa a ciki: ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, Sifen tana matsa wa Paparoma Urban na Takwas, shi kuma ya ji haushi domin an sa hujjarsa a bakin wani mai ƙarancin wayo a cikin littafin.

Amma a nan ne mai shakka yake da gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba. Idan hujjar mutum ta gaza, abin da ya cancanta shi ne a kawo wadda ta fi ta. Toshe masa baki ba ya warware tambayar, yana dai nuna wanda iko yake hannunsa. Alƙalan sun karanta labarin tsayawar rana a Littafin Yoshuwa kamar darasin ilimin taurari, alhali Waliyyi Agustin ya daɗe da gargaɗin Kirista kada su jawo wa Nassi dariya ta wurin yin gardama a kan abin da masana suka fi su sani. Da wane baki za mu tsauta wa mai mulkin da ya rufe jarida domin ta ɓata masa rai, in muna neman uzuri ga hukuncin 1633?

An cire littafin daga jerin haramtattun littattafai a 1835, aka soke jerin kansa a 1966, zamanin Paparoma Bulus na Shida. A ranar 31 ga Oktoba 1992, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya bayyana a gaban masana cewa malaman tauhidin wancan zamani sun yi kuskure. Shekara 359 ke nan bayan da tsohon ya durƙusa.