Sunan Sarki, Hannun Wa?

In ka kifa tsohon tulun tangaran na ƙasar Sin, sau da yawa za ka iske haruffa shidda a gindinsa: sunan daula da na zamanin sarki. Maginin ba ya ciki. Abin da nake tambaya shi ne, wannan zalunci ne ko kuwa?

Mu ɗauki jan tulun da anka yi a garin Jingdezhen zamanin sarki Kangxi (1662 zuwa 1722), wanda Faransawa ke kira jinin sa. Jan nan daga ɗan garin jan ƙarfe yake, cikin ruwan ƙyallin da ake shafa wa tulun. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1300, kuma sai an toshe wa wutar iska, hayaƙi ya turnuƙe, sannan ja ya fito. Iska ta yi yawa, sai ya koma kore. Mai hura wuta da ido yake aunawa, ba na'ura. A 1712 wani fada Bafaranshe, d'Entrecolles, da ya zauna can ya rubuta cewa ana faɗin kwano guda kan bi ta hannun ma'aikata saba'in. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

To amma sarki ma yana da hujja. Shi ya biya itace da yumɓu. Tun zamanin daular Ming, abin da bai kai ba a matoyar fada farfasa shi ake a bizne, kuma tsananin nan ya wasa gwaninta. Sannan cikin saba'in, sunan wa za a sa?

Ni dai ga inda na tsaya. Haruffan ba su yi ƙarya ba: “an yi a shekarun Kangxi” kawai sunka ce. Mu ne muke taƙaitawa mu ce “tulun Kangxi”, kamar shi ya kwana bakin wuta. Laifin na mai kallo ne, da ya karanta suna ya tsaya nan.

Abin hwa ya shafe mu, ƴan'uwa ɗalibai. Gobe wasunmu za su sa hannu ƙarƙashin aikin da direba, sakatare da masinja sunka ɗauko. Sa hannun ba haramun ba ne, dole wani ya amsa in abu ya ɓaci. Amma wanda zai iya lissafo masu laifi ranar da tulu ya fashe, wajibi ne ya iya lissafo su ranar da ja ya fito.